Tabarmar Kunya da Haukan Wani

Hausawa na cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma a asalin maganar wanda kunyar ta kama shi ne ke yin haukan. Wasu hukumomi sun yi wa wannan karin magana gyaran fuska. Idan kogi ya yi wari, ko rami ya rufta da ma'aikata, ko kifi ya taso matacce, sai su nemi wanda ya fara buɗe baki su liƙa masa haukan, su naɗe tasu tabarmar da shi. Hujjar da nake son kafawa a wannan mako ita ce, tura mai fafutukar kare muhalli gwajin ƙwaƙwalwa saboda ƙorafinsa ya fi ɗaure shi a kurkuku muni, kuma likitan da ya ba da sa hannunsa aka yi wannan aiki ya fi ɗan sandan da ya yi kamun laifi.

A fara da Aleksei Nikitin, injiniya a mahaƙar kwal ta Butovka da ke Donetsk, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet. Ɗan jam'iyyar Kwaminis ne da ya ɗauki alkawuran jam'iyyar da gaske, kuma daga nan matsalarsa ta faro. Ya yi ta rubuta koke kan yadda shugabannin mahaƙar ke danne haƙƙin ma'aikata, da yadda suke wasa da ƙa'idojin kariya a ƙarƙashin ƙasa, inda iskar gas kan taru ba tare da ido ya gan ta ba. Aka kore shi daga jam'iyya, aka sallame shi daga aiki a 1970. A Disambar 1971 mahaƙar ta yi bindiga, aka rasa rayuka, wasu da dama suka jikkata. Mai karatu zai zaci a nan ne za a nemo Nikitin a ba shi haƙuri. Cikin 'yan makonni aka kama shi, likitocin gwamnati suka ce ba shi da cikakken hankali, aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na musamman da ke Dnepropetrovsk. Irin waɗannan asibitoci a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida suke, wadda ke kula da 'yan sanda da gidajen yari, kuma fursunonin da aka ɗaure kan laifuka su ake sa wa su kula da majinyata. Daga cikin abin da ake kira magani akwai allurar farar wuta da aka narkar cikin mai, wadda ke jefa mutum cikin zazzaɓi mai zafi da ciwon da ba ya barinsa ya zauna ko ya kwanta. An sake shi a 1976, an mayar da shi, an sake sakinsa a 1980. A ƙarshen wannan shekara ya karɓi baƙuncin 'yan jarida biyu na ƙasashen Yamma ya zagaya da su cikin mahaƙan Donetsk, kuma ba a yi kwanaki ba aka sake ɗauke shi. Ya rasu a 1984.

Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce, me ya hana a gurfanar da shi gaban alƙali kamar kowane mai laifi? Gwamnatin da ke da sansanonin gwale-gwale ba ta rasa inda za ta ajiye mutum ɗaya ba. Amsar tana cikin yanayin shari'a kanta. Shari'a, ko ta jeka-na-yi-ka ce, tana tilasta a ambaci abin da ake jayayya a kai. Idan an ce mutum ya yi wa hukuma ƙage, dole a karanta ƙagen, kuma da zarar an karanta cewa ya ce mahaƙar za ta fashe, kowa a ɗakin ya san ta fashe. Takardar likita tana kawar da wannan haɗari baki ɗaya. Tana ɗauke magana daga cikin rami ta mayar da ita cikin kan mai magana. Daga ranar da aka sa mata hannu, babu mai tambayar yawan iskar gas a Butovka, sai dai a tambayi ko Nikitin yana samun barci.

Ɗan kurkuku yana da wa'adi, yana ƙirga kwanakinsa, kuma idan ya fito yana fitowa da wata daraja a idon waɗanda suka san dalilin ɗaurinsa. Wanda aka tsare da sunan jinya ba shi da ranar fita sai ranar da likita ya ce ya warke, kuma alamar warkewa ita ce ya amince cewa abin da ya faɗa a baya ciwo ne ya sa shi faɗa. Idan ya ce lafiyarsa ƙalau, wannan ma alamar ciwo ce, domin an rubuta cewa mai irin wannan larura ba ya gane yana da ita. Duk ƙofar da ya nufa, tarko ne.

A fiƙihunmu mahaukaci ba mukallafi ba ne. Ba a kama shi da laifi, ba a ɗora masa nauyi, kuma ba a karɓar shaidarsa. Biyun farko rahama ce, na ukun kariya ce ga wanda za a yi shaida a kansa. Dokokin zamani ma a kan wannan tsari suke. Abin da azzalumar hukuma ta gano shi ne, za a iya tsallake rahamar a ɗauki na ukun kaɗai: a ayyana mutum mahaukaci domin shaidarsa ta faɗi, sannan a tsare shi fiye da yadda za a tsare mai laifi.

Likitocin Sobiyet ba su rasa sunan da za su rubuta a takarda ba. Makarantar Andrei Snezhnevsky ta Mosko ta faɗaɗa wani nau'in cutar sikizofireniya da ta kira mai tafiyar hawainiya, wadda a cewarta mai ita zai iya zuwa aiki, ya riƙe iyalinsa, ya yi magana daidai, ba ya jin muryoyi, ba ya ganin abin da babu. To ta yaya za a gane shi? Ta naci kan neman gaskiya, da yawan rubuta koke, da tunanin cewa shi zai gyara al'umma, da kasa sajewa da yanayin da ya samu kansa. Cibiyar Serbsky da ke Mosko ta yi ƙaurin suna wajen buga wannan hatimi. A sake karanta waɗannan alamomi a hankali, za a ga siffar duk wani mutumin kirki da ya taɓa ganin ɓarna ya kasa yin shiru.

Mai fafutukar muhalli kuwa ya fi kowa saurin faɗawa wannan rami, saboda yanayin abin da yake ƙorafi a kai. Mai kukan an kwace masa gona zai iya nuna gonar. Mai kukan gurɓatar muhalli sau da yawa yana magana ne kan abin da ba a gani: guba a cikin ruwan da yake garai-garai, burɓushin nukiliya a cikin madarar da ba ta canja ɗanɗano ba, ƙurar da sai bayan shekara goma take zama tari. Yana cewa kamfani da hukuma sun haɗa baki sun ɓoye sakamakon gwaji. Yana cewa ana bin sa, ana sauraron wayarsa. Yana yawo da jakar takardu, ya haddace lambobi, ya gundiri danginsa da zance ɗaya. Idan aka rubuta wannan a takardar asibiti ba tare da an leƙa kogin ba, zai yi kama da ruɗin mai zargin kowa da makirci. Bambancin mai ruɗi da mai gaskiya a nan ba ya cikin yadda suke magana, yana cikin kwalbar ruwan da ba a kai ɗakin gwaje-gwaje ba. Likitan ƙwaƙwalwa ba shi da na'urar auna dalma, kuma hirar awa guda da majinyaci ba ta gaya masa abin da ke cikin rijiya.

Labarin Zhores Medvedev ya nuna inda wannan makanta ke kaiwa. Masanin kimiyyar halittu ne a garin Obninsk, wanda ya rubuta littafi kan Trofim Lysenko, mutumin da ya mallake kimiyyar noma ta Sobiyet da ka'idojin bogi har ta kai an ɗaure masana na gaskiya. An buga littafin a Amurka a 1969. Ranar 29 ga Mayu, 1970, likitoci da 'yan sanda suka shiga gidansa suka tafi da shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kaluga. Daga cikin hujjojin da aka kafa har da cewa masanin halittu ne amma yana rubutu kan al'amuran jama'a, wai alamar rabuwar ɗabi'a gida biyu ke nan. Da wannan ma'auni, duk likita ko injiniyan da ke karanta wannan wasiƙa yana kuma tofa albarkacin bakinsa kan siyasa ya cancanci gado a asibiti. Medvedev ya yi sa'a, yana da ɗan'uwa tagwaye, masanin tarihi Roy Medvedev, kuma manya irin su Andrei Sakharov da Aleksandr Solzhenitsyn sun ɗaga murya. Bayan kwana 19 aka sake shi. A 1973, yana Landan, aka kwace masa shaidar zama ɗan ƙasa.

Ba kan muhalli aka tsare shi ba, amma a dubi abin da wannan kan da aka ce ya taɓu ya fito da shi daga baya. A 1976 ya rubuta a mujallar New Scientist cewa an yi mummunar fashewar sharar nukiliya a yankin tsaunukan Ural a ƙarshen shekarun 1950, an kwashe ƙauyuka, an rufe ƙasa mai faɗi. Shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Birtaniya, Sir John Hill, ya yi watsi da maganar a matsayin tatsuniya. Medvedev bai da hotuna, bai da takardun sirri. Sai ya koma ɗakin karatu ya bi mujallun kimiyya na Sobiyet ɗaya bayan ɗaya, inda ya tarar da rahotanni masu yawa kan sinadarin sitirontiyam-90 a jikin kifaye da tsuntsaye da itatuwa, waɗanda aka gabatar a matsayin gwaji ba tare da an faɗi wurin ba. Daga nau'in dabbobin da yawan kifin da aka kama, ya lissafa cewa babu mai gurɓata tafkuna da dazuzzuka masu wannan girma don gwaji kawai, ya kuma nuna yankin da abin ya faru. Sai a 1989 gwamnatin Sobiyet ta amsa: ranar 29 ga Satumba, 1957, tankin shara ya fashe a masana'antar Mayak da ke lardin Chelyabinsk, an kwashe mutane kimanin 10,000. Shekara 32 ana ɓoye wannan. Da a ce Medvedev ya faɗi maganar yana cikin ƙasar, da takardar Kaluga a bayansa, mai karatu ya san shafin da za a rubuta ta.

Kada a ɗauka wannan tarihi ne da ya tafi da Tarayyar Sobiyet. A Afrilun 2016 matattun kifaye suka rufe gaɓar teku a larduna huɗu na tsakiyar Biyetnam, tun daga Ha Tinh. Jami'ai suka fara da cewa wataƙila jar gansakukar teku ce. Masunta da 'yan birni suka fito zanga-zanga suna nuna masana'antar ƙarafa ta kamfanin Formosa na Taiwan. A ƙarshen Yuni kamfanin ya amsa laifin zubar da guba, har da sayanayid da fenol, ya yi alkawarin diyyar dala miliyan 500. Wato masu zanga-zangar sun yi gaskiya. Duk da haka aka yanke wa Hoang Duc Binh shekara 14 a 2018 kan fafutukarsa a wannan batu. A shekarun da suka biyo baya kuma aka ga asibitin ƙwaƙwalwa ya shigo cikin kayan aikin masu bincike. Trinh Ba Phuong, mai fafutukar haƙƙin manoman da aka kwace wa filaye a gefen Hanoi, an ɗauke shi daga wurin tsarewa a Maris 2021 aka kai shi gwajin ƙwaƙwalwa na kusan wata guda, kafin a yanke masa shekara 10. Marubuci Le Anh Hung ya shafe kimanin shekara uku a asibiti ana ɗura masa magani yana cewa lafiyarsa ƙalau, sannan aka gurfanar da shi aka ɗaure.

Batun Nguyen Thuy Hanh ya fi waɗannan wuyar sha'ani, shi ya sa ya fi su koyarwa. Ta shiga zanga-zangar kare muhalli, ta kuma kafa asusun tallafa wa iyalan fursunonin siyasa. An kama ta a Afrilun 2021, aka mayar da ita cibiyar ƙwaƙwalwa a 2022, ta haura shekara uku a tsare kafin a yi mata shari'a. Ita kam an san tana fama da ciwon damuwa tun kafin kamun. Masu kare hukuma za su ce, to ga shi nan, ba ƙage aka yi mata ba. Amma ciwon damuwa ba ya rayar da mataccen kifi. Miliyoyin mutane na shan maganin damuwa suna koyarwa, suna alƙalanci, suna tuƙa mota, kuma babu mai cewa shaidarsu ta faɗi. Mai damuwa da aka raba da iyalinta aka kulle shekara da shekaru ba jinya ake mata ba. Larurar gaskiya ba ta wanke hukuma, ƙara mata laifi take yi, domin ta samu rauni a jikin mutum ta danna yatsa a kai.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta. Kotu na da haƙƙin sanin ko wanda ake tuhuma zai iya fahimtar shari'ar da ake masa. Akwai kuma masu ruɗi na gaskiya da ke rantsuwa cewa maƙwabci na turo musu guba ta bango, waɗanda barin su ba magani zalunci ne. Duk wannan haka yake. Sai dai ana gane gwajin gaskiya da alamominsa. Wa ya nema, lauyan wanda ake tuhuma ko mai gabatar da ƙara? Yaushe aka nema, bayan an ga wata alama a halayensa ko bayan ya ƙi amsa laifi? Wace tambaya aka yi wa likita, ko mutumin ya san inda yake da abin da ake tuhumarsa, ko kuwa a auna ra'ayinsa? Kuma shin an auna ruwan? Idan hukuma ta sami kuɗin kwantar da mutum wata guda ana kallon yadda yake cin abinci, amma ba ta sami kuɗin kai kwalba ɗaya ɗakin gwaje-gwaje ba, ta riga ta faɗi abin da take nema.

Su kansu masana halayyar ɗan Adam sun san wannan tuntuɓe, har sun raɗa masa suna. Martha Mitchell, matar tsohon ministan shari'a na Shugaba Nixon, ta yi ta gaya wa 'yan jarida a 1972 cewa ana aikata ba daidai ba a fadar shugaban Amurka, aka ce giya ce da taɓin hankali, sai badaƙalar Watergate ta gaskata ta. Masanin halayya Brendan Maher ya sa sunanta ga kuskuren likitan da ke ɗaukar gaskiya mai wuyar yarda a matsayin ruɗi don bai bincika ba. Likitan da ya faɗa wannan kuskure a yau ba zai ce ba a gargaɗe shi ba.

Sau da yawa ma ba a buƙatar asibitin. Kalmar kaɗai ta isa. Lokacin da Wangari Maathai ta tsaya a 1989 ta hana gina bene mai hawa 60 a dandalin Uhuru na Nairobi, manyan gwamnatin Daniel arap Moi mahaukaciya suka kira ta. An fasa ginin, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2004. A Yuganda an wuce zagi: a 2017 masu gabatar da ƙara suka nemi a yi wa malamar jami'a Stella Nyanzi gwajin ƙwaƙwalwa kan sukar Shugaba Museveni, suna dogaro da dokar 1938 ta zamanin Turawan mulki. Ko da gwaji ya wanke mutum, tabon ba ya fita. Jarida ta riga ta buga cewa kotu ta tura shi a duba kansa, kuma duk wanda zai yi jayayya da shi nan gaba ya samu abin faɗa. Ga kuma ɓarnar da ake yi wa masu larurar gaskiya, waɗanda da ma kunya ke hana su zuwa asibiti: duk ranar da aka mayar da asibitin ƙwaƙwalwa wurin horo, an ƙara musu dalilin ɓuya.

Mu a Nijeriya mun zauna ƙarƙashin irin waccan doka ta Turawa, dokar mahaukata ta 1958, har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Mun kuma san gubar da ido ba ya gani. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma ba a gane dalma ce daga niƙan duwatsun zinariya ba sai da aka auna jinin yaran da ƙasar tsakar gida. Wanda zai fara cewa ƙurar tsakar gida ce ke kashe 'ya'yansa, kafin a zo da na'ura, zancensa zai yi kama da na wanda ya zautu. Haƙar ma'adinai na ƙara yaɗuwa a Arewa, masu hannu a ciki ba ƙananan mutane ba ne, kuma sabuwar doka ba ta fi ƙarfin likitan da zai aiwatar da ita ba.

Shi ya sa nake ɗora nauyin a wuyan likitoci. Ɗan sanda zai iya kama mutum, alƙali zai iya ba da umarni, amma babu ɗayansu da zai iya rubuta sunan cuta. Dole sai an samu mai farar riga. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya ta yi Allah wadai da abin da Sobiyet ke yi a taronta na Honolulu a 1977, da ƙuri'a 90 a kan 88, tazarar da ya kamata ta ba wannan sana'a kunya. Likitocin Sobiyet suka fice a 1983 don gudun kora, suka dawo a 1989 bayan sun amsa cewa an yi amfani da sana'arsu don siyasa. Abin da ake nema daga likitan da aka kawo wa mai ƙorafin muhalli ba shi da yawa: ya tambayi wa ya turo shi da dalili, ya taƙaita rahotonsa ga abin da ya shafi lafiya, ya ƙi rubuta kalmar ruɗi a kan da'awar da ba a gwada ba, ya kuma rubuta ƙarara cewa ba a gwada ta ba.

An taɓa samun wanda ya yi hakan. A 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa daga Kharkov, Anatoly Koryagin, ya duba Nikitin bisa raɗin kansa ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. A 1981 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga bayaninsa kan mutanen da ya duba waɗanda aka tsare ba tare da wata cuta ba. A wannan shekarar aka yanke masa shekara 7 a sansani da shekara 5 na kora zuwa wani yanki mai nisa, kuma bai fito ba sai a 1987, shekara uku bayan rasuwar injiniyan da ya ce mahaƙar Butovka za ta fashe.